Yadda Ake Kafa Zaman Karatun Adabi a Sassumbrum

A Sassumbrum da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, daga Yekuwa da Kwaya zuwa Bande da Magariya, har Dungas da Dogo-Dogo, masu rubutu ba su yi kaɗan ba. Akwai mushen lakwal mai kaye cike da waƙoƙi a ƙasan akwati. Akwai ɗalibar koleji da ke rubuta labari a waya tana tura wa ƙawayenta ta WhatsApp. Akwai gardin da ya tsara waƙar wa'azi da ajami, ba wanda ya taɓa jin ta sai abokan karatunsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da waɗannan mutane za su zauna su ji juna, a yaba wa wanda ya yi daidai, a gyara wa wanda ya kauce. Irin wannan zama shi ake kira zaman karatu, kuma kafa shi bai fi ƙarfin mutum biyar masu niyya ba.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Kano, cikin shekarun 1970, Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima, Alhaji Aƙilu Aliyu kuma ya riƙe Hausa Fasaha; mawaƙa ne masu rubutu da ke kawo abin da suka tsara a saurara, wasu waƙoƙin har su kai gidan rediyo. Ƙungiyar marubutan Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya kafa a 1981, reshenta na Kano ya shafe shekaru yana zaman karatu na wata-wata, kuma marubuta da dama sun fara buɗe baki ne a irin zaman da ake yi a Laburaren Murtala Muhammad. Mu ma nan Damagaram muna da namu tushen. Ƙungiyar Samariya ta koya wa iyayenmu haɗuwa a shirya wasa. Su Yazi Dogo sun daɗe suna nishaɗantar da Nijar daga Zinder da wasan kwaikwayo na Hausa. Fada kuwa, wato zaman samari a bakin titi da butar shayi, babu unguwar da ba ta da ita. Zaman karatu fada ce da aka ba ta aiki, aka sa mata lokaci da ƙa'ida.

Akwai dalilin da ya sa na fi ganin amfaninsa a gari irin Sassumbrum fiye da babban birni. Mutanenmu sun kasu wajen karatu. Wani ya iya faransanci amma yana tuntuɓe in an ba shi Hausar boko. Wani ajami ne kaɗai hanyarsa. Wani ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci ko a wajen cin rani a Najeriya. Da yawa kuma ba su karanta ko ɗaya, alhali sun fi kowa sanin Hausa. Takarda tana raba waɗannan mutane, murya tana haɗa su. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To amma doka ba ta rubuta littafi. Sai an sami masu rubutu, su kuma sai sun sami masu saurare.

Mutanen farko da wurin zama

A fara da mutum biyar zuwa bakwai waɗanda aka tabbata suna rubutu ko suna son sa da gaske. Kada a fara da rabon muƙamai. Ƙungiyoyi da yawa sun mutu tun ranar zaɓen shugabanni, saboda an ɓata wata uku ana gardamar wa zai zama mataimaki na biyu, ba a karanta ko shafi ɗaya ba. Aiki uku ne kawai ake bukata: mai jan ragamar zama, magatakarda mai riƙe kundi, da ma'aji. Jan ragama ma gara a riƙa karɓa-karɓa, domin kowa ya koya.

Kafin zaman farko a je a gai da mai gari, a gaya masa abin da ake nufi, a nemi albarkarsa. A sanar da ma'aikatar magajin gari, a rubuce in da hali. A leƙa wajen limamin unguwa. Wannan zagaye na yini guda yana kashe jita-jita tun ba ta haihu ba, domin a ƙaramin gari duk taron da ba a san kansa ba sai an laƙaba masa siyasa ko wani abin da ya fi haka muni. In aji ake son aro, a nemi izinin daraktan lakwal, a kuma yi alkawarin share wurin da mayar da bencina yadda aka same su.

Aji yana da amfani lokacin hunturu, sa'ad da iska da ƙura ke kwashe murya da takarda. Sauran lokaci kuwa farfajiya mai katanga ko inuwar babbar bishiya sun fi, don mai wucewa yana iya tsayawa ya saurara ba tare da ya ji kamar ya shiga wurin da ba nasa ba. A guji bakin kasuwa, tashar kabu-kabu da kusa da injin niƙa. A shimfiɗa tabarmi a yi da'ira, ɓangaren mata daban da na maza amma duk suna jin mai karatu daidai. Kada a kafa babban tebur na manyan baƙi. Da zarar an kafa shi, zaman ya koma taron jawabai. In mutane ba su wuce talatin ba, ba a bukatar lasifika. In sun wuce, ƴar ƙarama mai caji ta isa.

Lokaci

Shekarar Sassumbrum gona ce ke tsara ta, zaman karatu ma dole ya bi. Daga saukar damina zuwa kaka ba a samun kowa, masu hannu duk suna gona, ɗalibai kuma suna hutu. Don haka a ɗauki Nuwamba zuwa Mayu a matsayin shekarar zama. An gama girbin gero da wake, makarantu sun koma tun Oktoba, malaman da aka turo daga wasu garuruwa suna nan. Gaskiya ne wasu samari za su tafi cin rani, amma waya tana iya riƙe su, zan zo kan wannan. Da azumi a ɗaga zaman, ko a mai da shi na dare bayan asham in bai ci karo da tafsiri ba.

Sau ɗaya a wata ya yi nisa ga sabon abu, mutane kan manta. Kowane mako kuma ya yi kusa, marubuta ba za su sami sabon abin kawowa ba. Mako biyu-biyu ne daidai. A zaɓi ranar da ba ta kasuwar garin ba ce, ba kuma ta babbar kasuwar maƙwabta da ƴan gari ke ci ba. Alhamis da yamma tana da kyau don makarantun allo suna hutu; Asabar ta fi wa ƴan boko. A tattauna a tsayar da guda, sannan kada a sake taɓa ta sai da babban dalili, kamar rasuwa. A fara da an sallame la'asar, a tashi kafin kiran magariba. Da sanyi wannan bai wuce awa ɗaya da rabi ba, saboda haka babu lokacin jiran wanda ya makara. Ko mutum huɗu ne a wurin, a buɗe.

Shirya rubutu kafin a zo

Nan ne yawancin sababbin masu karatu ke faɗuwa, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Rubutun da aka yi don ido daban yake da wanda za a zuba a kunne. Mai karanta littafi in ya ɓace sai ya koma baya, mai saurare ba shi da wannan dama.

Da farko marubuci ya zaɓi abin da zai karanta cikin minti bakwai. In gajeren labari ne da ya fi haka, ya yanko wuri guda mai kai da gindi: inda rigima ta tashi, ko inda aka yanke wata shawara. Ya shirya jimla biyu ko uku da zai gabatar da abin da ya gabata, misali, wace ce wannan yarinya, me ya kawo ta gidan kawunta. Kada ya wuce haka. Wanda ya yi minti biyar yana bayanin labari ya riga ya cinye labarin.

Sannan ya karanta shi da ƙarfi a gida, agogon waya na gabansa, aƙalla sau uku. Duk inda numfashi ya yanke masa a tsakiyar jimla, jimlar ce ta yi tsawo, ya raba ta. Duk inda harshe ya sarƙe, ya sauya kalma. Ya ɗauki biro ya ja ƴar sanda a wuraren da zai numfasa, sanda biyu a inda zai yi shiru na ɗan lokaci. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa mutum kan karanta kalma da wata ma'ana sai ya kai ƙarshen jimla ya gane ya yi kuskure, ya dawo. Irin waɗannan kalmomi a ja musu layi tun a gida. Wanda zai karanta daga littafin da aka buga a Kano ya san cewa can ana rubuta 'y a inda mu muke rubuta ƴ, sauti ɗaya ne. Mai rubutu a waya kuma ya sa allon rubutu mai ƙ, ɗ da ɓ, don in ya miƙa wa wani ya karanta masa kada a yi ta lalube.

Na fi son a kwafe abin karantawa a takarda da manyan haruffa maimakon a karanta daga waya. Hasken rana yana dushe fuskar waya, kira yana shigowa, yatsa yana zamewa a rasa layi. Takarda kuma a riƙe ta daidai ƙirji, kada ta rufe baki. A ɗaga ido a ƙarshen kowane sakin layi a dubi wanda ya fi kowa nisa, a yi magana kamar da shi ake. Tsoro yana sa sauri, don haka mai karatu ya rage gudu har sai ya ji kamar ya cika jan jiki. A kunnen masu saurare wannan ne daidai. In akwai zance tsakanin taurari, ba sai an yi wasan kwaikwayo ba, ɗan sauya murya ya isa a gane tsohuwa ce ke magana ko jikanta.

Waƙa kuwa rerawa ake yi. Rubutacciyar waƙar Hausa an gina ta ne a kan kari, kuma sai an rera ake gane ɗangon da ya yi ɗingishi. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfiraji ta zaga ƙasar Hausa a bakin masu rera ta. Mawaƙi ya faɗi tun farko ko waƙarsa ƙwar biyu ce, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, in tana da amshi ya koya wa jama'a sau biyu kafin ya fara. In baitocin sun kai hamsin, ya zaɓi goma sha biyar. Wanda Allah bai ba murya ba ya nemi mai rera masa, ba abin kunya ba ne, shi ya zauna kusa yana bin takarda. Mai ajami ya karanta daga ajaminsa, babu mai tilasta masa juyawa. Mai rubutu da faransanci shi ma a ba shi fili, da sharaɗin ya taƙaita ma'anar da Hausa kafin ya fara.

Ranar zama

Mai jan ragama ya buɗe da addu'a gajera, ya gai da jama'a, ya faɗi sunayen masu karatu bi da bi. Mutum biyar sun isa. Minti bakwai na karatu, minti takwas na sharhi, an ci minti saba'in da biyar ke nan, saura na buɗewa da rufewa. A fara da wanda ya saba, don ya kafa ma'auni. Sabon shiga a sa shi na biyu ko na uku, sa'ad da wuri ya yi ɗumi kuma mutane ba su gaji ba. A cakuɗa zube da waƙa. A rufe da abin da zai sa a tashi da fara'a. In saura minti ɗaya, mai jan ragama ya ɗaga hannu a hankali, in lokaci ya cika ya ce, "Malam, mu dakata nan, sauran sai zama na gaba." Ya yi wa kowa haka, babba da yaro. Ranar da aka bar wani ya yi minti ashirin don girmansa, ranar ƙa'ida ta mutu.

Yana da kyau kowane zama a ware ƴan mintuna a karanta shafi ɗaya ko biyu daga aikin magabata, don kunne ya san inda aka kai. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, har yau yana riƙe jama'a. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Daga gida kuma kada a manta da Abdoulaye Mamani, mai littafin Sarraounia na 1980, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1993 a hanyarsa daga Zinder zuwa Yamai, da André Salifou, ɗan Zinder da ya rubuta wasan Tanimoune kuma jami'ar garin ke ɗauke da sunansa. Da faransanci suka rubuta, amma tarihinmu ne. Wani malami ya fassara shafi guda ya kawo, aikin fassarar ma horo ne.

Sharhi

Sharhi shi ne ran zaman, shi ne kuma inda ake ɓatawa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wanda ya kwana uku yana tsara waƙa ba ya jin haka in an fara da kushe. Saboda haka a kafa tsari tun ranar farko, a riƙa maimaita shi. Mai sharhi ya fara da abu guda takamaimai da ya yi masa daɗi, ya faɗi wurin. "Ta yi kyau, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau amma ba ta koya wa marubuci komai. Sai ya kawo abu guda da bai gamsu da shi ba, shi ma ya nuna wurin. Da rubutu ake magana, ba a taɓa mutum, ba a cewa ai daman ku ƴan wuri kaza haka kuke. Marubuci kuwa ya yi shiru yana rubuta abin da ake faɗa, sai an gama a ba shi minti ɗaya. In ya tsaya kare kowane layi, sharhi ya zama musu.

A ce wani saurayi ya karanta labarin mutumin da ya dawo daga Legas tsakiyar damina, gero ya kai gwiwa, ya tarar da mahaifinsa yana hutawa a inuwar gawo a gona. An yaba, masu boko sun yi magana a kan tsarin jimla. Sai wani dattijo da ke gefen tabarma, wanda bai taɓa riƙe biro ba, ya gyara zama ya ce, "Yaro, labarinka ya yi daɗi, na ji tausayin tsohon nan. Amma gawo da damina ba shi da ganye. Sai kaka ta yi yake tohowa. In inuwa kake so a wannan lokaci, ka kai shi gindin tsamiya." Saurayin ya ce, "Na gode, Baba, zan gyara." Wannan gyara babu littafin nahawun da zai ba shi, kuma duk manomin Magariya da Matamaye da Mirya da ya ji labarin da ya gane kuskuren, don gonakinsu cike suke da gawo. Shi ya sa mai jan ragama zai riƙa juyawa da gangan wajen waɗanda ba su yi lakwal ba, ya ce, "Inna, ke me kika ji?" Su ne suka san yadda ake zancen aure a zaure, da abin da uwar miji za ta faɗa da wanda ba za ta taɓa faɗa ba.

Kada a mai da sharhi gyaran karin harshe. In tauraron labari ɗan Dungas ne, a bar shi ya ce lakwal, ya ce mushe, ya ƙirga kuɗinsa da dala da jika. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a bakin mai ba da labari da ƙa'idar rubutu, amma mutanen cikin labari da bakinsu na gida suke da rai.

Abu biyu ne za a hana kai tsaye: zambo ko habaicin da kowa ya san da wa ake, da tallar jam'iyya. Gari ƙarami ne, gobe za a haɗu a masallaci da rijiya. Rubutu a kan talauci, auren dole, cin rani, rashin aiki, shaye-shaye, duk a kawo, don aikin adabi ke nan. Wanda kuma ya sa aya ko hadisi a rubutunsa ya nuna wa malami kafin ya karanta a bainar jama'a.

Mata

Kaso mai yawa na littattafan Hausa na zamani mata ne suka rubuta, su ne kuma suka fi karantawa da sauraro. Zaman da babu su ya rasa rabin jama'arsa. Tashi kafin magariba yana taimaka wa ƴan mata, haka nan kasancewar wata malama ko dattijuwa da iyaye suka yarda da ita. Matan aure da ba za su iya fitowa ba a taimaka musu su kafa nasu zaman a cikin gida, da hantsi bayan an gama aikin safe, wata malama ta riƙa kai da kawo rubutu tsakanin zaman biyu. Wannan ma yana da asali: Nana Asma'u ƴar Shehu ta tura mata malamai da ake kira jaji ƙauyuka ɗauke da waƙoƙi suna karantar da mata ƴan taru. In wata ta ce a karanta nata ba tare da an faɗi sunanta ba, a mutunta haka.

Kuɗi da kundi

Kuɗin da ake bukata kaɗan ne: ganyen shayi, sukari, gawayi, ruwan sha, kaye da biro. Karo-karon dala ashirin a kowane zama ya isa farawa, wanda naira ke hannunsa ya ba da kwatankwacinta, wanda ba shi da shi kada a hana shi zama. Ma'aji ya faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Kada a jira wata ƙungiyar agaji. Zaman da aka fara da kuɗin zama yakan watse ranar da kuɗin suka tsaya.

Kundin magatakarda ya fi asusu muhimmanci. A babban kaye guda ya rubuta kwanan wata, sunan mai karatu, sunan abin da ya karanta, layinsa na farko, da manyan gyare-gyaren da aka bayar, marubucin ya sa hannu. Wannan shaida ce in wata rana aka ga labarin wani yana yawo da sunan wani, abin da ke faruwa sosai tun da rubutu ya koma waya. Ɗaukar murya ma sai da izinin mai rubutu. In ya yarda, a ɗauka da waya guda da aka ajiye kusa da shi, ya fara da faɗin sunansa da sunan aikin da ranar. A tura wa ƴan zaman da ke cin rani a Kano ko Legas, su ma su aiko da nasu a murya a kunna a zama na gaba. Haka za su dawo da damina ba su yanke ba.

Bayan an kafu

In an yi wata huɗu ko biyar ba a fasa ba, sai a fara duban waje. A ɗauki muryoyi uku mafi kyau a kai gidan rediyon al'umma mafi kusa, a nemi ɗan fili. A rubuta wa masu irin wannan sha'awa a Magariya, Matamaye ko Daura a yi ziyarar juna, ko a gayyato malami ko ɗalibi daga jami'ar Zinder ya zo ya saurara ya yi sharhi. Baƙo shi ma minti bakwai ne nasa in zai karanta. Mata su sa ido kan gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, a karanta labarin a zama a gyara kafin a aika. Masu hali su san da bikin littattafan Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, tana faɗowa tsakiyar damina, don haka a yi mata ɗan zama na musamman da yamma, babban taron shekara kuwa a ajiye shi ƙarshen Mayu. A ranar ne za a gayyaci mai gari da iyaye, a zaɓo abubuwa goma mafi kyau daga kundi, a buga su a kwamfuta a yi hoton takarda ko kwafi talatin ne, a ajiye ɗaya a kowace lakwal.

Za a yi ranakun da mutum uku ne kawai za su zo, musamman bayan ɗokin farko ya wuce ko zafin Afrilu ya tsananta. Ranar ma a shimfiɗa tabarma, a karanta, magatakarda ya rubuta a kundi. Masu zuwa suna dawowa ne in sun tabbata duk ranar da suka zo za su tarar ana yi.

Malam, Malama, in kana da kaye a ƙasan akwati ko kina da labari a waya, a nemi mutum huɗu a wannan mako, a je a gai da mai gari, a tsayar da rana kafin masu cin rani su tafi.